Arzika, Wanda Bai Taɓa Cin Bashi Ba

Waɗanda suka san Jibiya kafin motoci su fara ratsa ta za su tuna wani zaure mai ƙofa biyu a arewacin kasuwa, daidai inda hanyar Maraɗi ke barin gari. A bayansa akwai ɗakuna shida a jere, da turken jakuna, da rijiya mai gaba goma sha ɗaya wadda ruwanta ba ya ƙafewa ko da bazara. Zauren Arzika ake ce masa. Haka aka ci gaba da kiransa shekaru da yawa bayan ya daina zama na Arzika.

An haifi Arzika a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ubansa mai masaukin fatake ne, kuma a gindinsa ya koyi sana'ar: ka sauki baƙo, ka ba shi ɗaki da ruwa da tuwo, ka nemo masa mai saye, ka karɓi la'adarka. In baƙon yana son kaya bashi, kai ne za ka tsaya masa lamuni, domin mutanen gari ba su san shi ba, kai suka sani. Da yaƙe-yaƙe suka kwanta hanya ta buɗe, sai Arzika ya taso da matarsa Luba da jakuna uku ya sauka Jibiya, a shekarar 1905. Shi ya haƙa rijiyar, shi ya kwaɓa ƙasar ginin da ƙafarsa. Bayan 'yan shekaru Turawa suka zo suka kafa alamun iyaka a arewa da gari, aka ce daga nan ƙasar Ingilishi ce, daga can ta Faransa. Arzika bai damu ba. Baƙinsa suna wuce alamun kamar yadda suke wuce kututture.

Mutum ne dogo, mai fara'a, mai yawan magana. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kowa kuma ya haddace shi saboda yawan faɗa. Idan aka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai ya buga ƙirji ya ce, "Ban da nawa cikin. Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa cin bashin kowa ba, ko na goro."

Babban amininsa Manu ne, Bafillacen Magama mai shanu, wanda ke zuwa kowace ranar kasuwa ya zauna a zauren ya sha fura kyauta ya kushe ta.

"Kaɗo, nonon ga ruwa ne aka nuna ma saniya."

"To kawo naka mana. Shekara bakwai kana sha, ko ƙwarya ɗaya ba mu gani ba."

"In na kawo ka saba da daɗi, wa zai riƙa ka?"

A shekarar 1912 wani kamfanin Turawa mai sayen fatu ya turo akawunsa Jibiya. Sunansa Ɗantala, Bahaushe ne da ya tashi a Lakwaja, ya iya boko da lissafi, yana da sikeli da akwatin ƙarfe da babban littafi mai jan bango. Kamfanin yana son fatun akuya daga ƙasar Maraɗi, kuma yana shirye ya ba masu saro kuɗi gaba, su shiga ƙauyuka su sayo su kawo. Amma ba zai ba baƙo ko anini ba sai wani mai gida a Jibiya ya tsaya masa. Wanda ya tsaya yana da la'ada, sisi a kowace fam.

Arzika ya ga wannan sana'ar ubansa ce, sai dai an ƙara mata tawada. Ya kawo mutum uku, aka ba kowannensu fam uku, ya dangwala babban yatsansa sau uku. Kafin damina duk suka dawo da fatu, aka auna, aka soke sunayensu. Ya karɓi sule huɗu da sisi, ya saya wa Luba tasa.

Shekara ta zagayo, labari ya riga ya bazu a ƙauyukan ƙetare. Wannan karon mutum tara suka zo, babbansu wani Lawwali, wanda ubansa ya sha sauka a gidan uban Arzika. Kowa fam biyar. Ranar da za a ba da kuɗin, bayan sallar azahar, Ɗantala ya buɗe littafi a zauren, ya tsoma alƙalami, sannan ya dakata.

"Maigida, bari in nuna maka abu ɗaya kafin ka sa hannu. Ka ga littafin nan fuska biyu gare shi. Nan ake rubuta abin da mutum yake da shi. Nan kuma abin da ke kansa. Kai me kake da shi?"

Arzika ya lissafa da yatsu: gida, rijiya, jakuna uku, riguna biyu na fita.

"Me ke kanka?"

"Babu."

"Yanzu babu. Da ka dangwala yatsa sau tara, fam arba'in da biyar ke kanka."

Arzika ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Malam akawu, mi kake cewa haka? Kuɗin ga hannuna za su shiga? Ga masu ɗauka nan zaune, kana ganin su."

"Su ke ɗauka, kai ke ɗauke da shi. Bashi ne mai barci. In sun kawo fatu ya mutu cikin barcinsa. In ba su kawo ba ya farka, kuma a ƙofarka zai farka, ranar ɗaya ga watan Satumba na baɗi."

"In ba su kawo ba ni na san ƙofar kowa. Haka muka gada. Ka hau jaki ka tahi garin mutum, ka shimfiɗa buzu a ƙofar gidansa, ka ci tuwonsa safe da dare har kunya ta kama danginsa su tara su biya. In ya ƙi, ka kamo hannunsa ka kawo shi gaban mai kuɗi, ka ce ga mutuminka. Shi ke nan ka fita. Ubana shekara talatin yana tsayawa mutane, ko wuri ɗaya bai taɓa biya daga aljihunsa ba."

Manu, da ke gefe da ƙwaryar fura, ya ce, "Rubuta, Malam. Kaɗon ga ko kura ta zo da rawani sai ya tsaya mata."

Aka yi dariya. Ɗantala ya ɗaga kafaɗa, ya karanta abin da ke rubuce da Turanci, ya fassara a gurguje, ya miƙa tawada. Ya faɗi gaskiya sau ɗaya, bai ga dalilin maimaitawa ba, domin shi ma yawan fatun da ya tara shi ne darajarsa a wurin Baturensa. Arzika ya dangwala sau tara. La'adarsa ta kama fam ɗaya da sule biyu da sisi. Da ita ya yi wa zauren sabon daɓe, ya sa wa rijiyar bakin itace.

Daminar 1913 ba ta yi ba. Ruwa ya sauka sau biyu aka yi shuka, sannan ya ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin tsakiyar rani mutane sun fara tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Masu saukowa daga arewa suka cika hanya, ba fatake ba, masu gudun yunwa. Arzika ya buɗe musu ɗakunan baƙi, Luba tana dama kunu tsararo a babbar tukunya, har rumbunsu ya ga ƙasa.

Cikin mutum tara, biyu suka dawo. Ɗaya ya cika fam biyar ɗinsa, ɗayan ya kawo fatun fam biyu ya rantse ba shi da sauran. Bakwai shiru. Ɗantala ya zo ya zauna a zaure ya yi lissafi a gabansa: fam talatin da takwas.

"Ka ba ni wata ɗaya," in ji Arzika. "Zan tahi in zauna musu."

Ya ɗaura wa jaki buzu da gora, Luba ta ƙulla masa gumba a tsumma, abin da ta iya tarawa. Ya ƙetare iyaka da safe. Ƙauye na farko ya tarar da ƙofofi a buɗe ba kowa, an ce sun yi kudu. A na biyu aka nuna masa kabarin wanda yake nema. A na uku mai gari ya saurare shi, ya juya takardar da Ɗantala ya ba shi sama da ƙasa, ya mayar masa. "Wagga takardar Ingilishi ce. Nan ba ta ci. In ka kai ta gaban kumandan, Baturen Faransa, kai zai tambaya mi ya kawo ka."

A rana ta shida ya isa garin su Lawwali. Ya sauka a ƙofar gidan, ya shimfiɗa buzunsa kamar yadda ya ga ubansa yana yi, ya zauna ya harɗe ƙafa, yana jiran a fito da akushi. Rana ta take, ta karkata. Ba hayaƙi a gidan, ba ƙarar turmi. Can wajen la'asar Lawwali ya fito yana dafa bango. Da ba don muryar ba da Arzika bai gane shi ba.

"Sannu da zuwa, Yaya. Na san mi ya kawo ka. Ka gafarce ni, ba abin da za a kawo maka sai ruwa."

"Ina kuɗin mutane, Lawwali?"

"Na sayi fatu na fam ɗaya, muka gasa su muka ci. Sauran na sayi hatsi tun yana samuwa. Mu goma sha ɗaya ne a gidan ga. Yanzu mu biyar."

Arzika ya jawo ƙunshin kayansa. Dabarar ubansa tana bukatar gidan da ke da tuwo da dangin da ke da abin tarawa. Ya kwance tsumman gumbar, ya gutsuri kaɗan ya kai bakinsa, ya tura sauran cikin gida. Da gari ya waye ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ka biyo ni Jibiya in nuna ka. In na nuna ka na fita."

Lawwali bai yi musu ba. Arzika ya ɗora shi a jakin, shi ya bi da ƙafa, kwana uku.

Kafin su iso an fara yaƙin Ingilishi da Jamus, kamfanin ya aiko wa akawunansa cewa a tattaro duk kuɗin da ke waje, ba ɗaga ƙafa. Ranar ɗaya ga Satumba ta zo ta wuce. Manu ya kawo fatu guda sittin na awakinsa da suka faɗi, ya zube a gaban sikeli ya ce a rage. Ɗantala ya ɗaga ɗaya ya duba ta a rana, ya ga jijiyoyin jini baƙi ƙirin, ya ce fatar mushe ce, kamfani ba ya saye. Magana ta je gaban alƙali.

Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, kuma ya sha ruwan rijiyar Arzika ba sau ɗaya ba. Arzika ya shigo riƙe da hannun Lawwali, ya durƙusa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga ɗaya na kawo. Ɗaya ya rasu, na ga kabarinsa. Sauran in an ba ni lokaci zan nemo su duk inda suka shiga. Ni ban ci ko anini ba."

Alƙali ya sa Ɗantala ya karanta takardar, ya sa ya sake karantawa a hankali, yana tsayar da shi yana tambaya. Sannan ya juyo.

"Arzika, lamuni iri biyu ne a littattafanmu. Akwai lamunin fuska, wato ka yi alkawarin kawo mutum. In ka kawo shi ka sauke nauyi. Shi ne wanda mahaifinka yake yi, shi ne wanda aka saba a kasuwannin nan. Akwai kuma lamunin dukiya, wato ka ce in bai biya ba ni zan biya. Da na farko ka yi, da yau na sallame ka a kan wannan bawan Allah. Abin da ka sa wa yatsa na biyu ne. An karanta maka?"

Arzika ya dubi Ɗantala. Ɗantala ya dubi littafinsa. Ƙarya ɗaya za ta iya jan shari'ar wata da watanni, kuma mutanen da ke wurin ranar babu wanda zai tona shi.

"An karanta," in ji shi. "Har ya ce mini bashi ne mai barci. Na yi dariya."

"To ya farka," in ji alƙali, ba da izgili ba. "Shi wannan da ka kawo, ko an matse shi ba abin da zai fito. Ku ba shi abinci ya koma gida."

Aka yi wa kayan Arzika kuɗi a shekarar da ba mai sayen komai sai hatsi. Gida da zaure da rijiya, fam goma sha biyu, kamfanin da kansa ya karɓa. Jakuna uku, fam biyu da sule biyar. Luba ta fito da tasoshinta da munduwayen da ta gada. Alƙali ya aika mata cewa dukiyar mace ba ta shiga bashin miji. Ta aiko da amsa cewa ta ji, ta gode, ta kuma sayar, aka haɗa da rigunansa biyu ya kama fam ɗaya da sule goma sha biyar. Duka fam goma sha shida. Saura fam ashirin da biyu, aka yanke zai riƙa biyan sule biyu kowane wata. Ɗantala ya lissafa masa: shekara goma sha takwas da wata huɗu. Arzika yana da shekara hamsin da ɗaya a lokacin.

Ranar da za su tashi, Luba ta share ɗakunan shida ɗaya bayan ɗaya.

"Wa kike share ma?" ya tambaye ta.

"Kada a ce mun bar shi da datti, Maigida."

Suka koma wata bukka a bayan kasuwa. Kamfanin ya mai da gidan ma'ajiyar fatu, aka toshe ƙofa ɗaya ta zauren, aka kafa sikeli a inda baƙi ke cin tuwo. Ana neman wanda zai riƙa shanya fatu, ya kakkaɓe su, ya ɗaure su ɗari-ɗari, ya ɗebo ruwa. Ba wanda ya san gidan kamar Arzika, kuma ba wani aikin a gari. Albashinsa sule bakwai, ana cire biyu kafin a ba shi. Ya fara a watan Janairu na 1915.

Haka ya yi shekara goma sha ɗaya da wata bakwai. Kullum da hantsi yana jan guga a rijiyar da ya haƙa. Warin fatu ya kama jikinsa har yara suka daina zama kusa da shi a masallaci. Bai ƙara faɗin maganar nan tasa ba, mutane kuma suka yi masa kara ba su tuna masa. Fatake na ƙetare da ba su ji labari ba sukan tsaya a ƙofar zaure su yi sallama su tambayi mai gida, sai ya fito da fata a kafaɗa ya nuna musu wani masaukin. Wani lokaci baƙo yakan roƙe shi ya yi masa magana a wurin akawu. Sai ya ɗaga babban yatsansa na dama ya nuna masa, ya koma ciki.

Abin da ya same shi ya zama karatu ga Jibiya duka. Kafin nan, kalmar "ina kansa" ba ta da wuya a bakin mai gida, ana faɗinta a kan goro ɗaya. Bayan nan mutum sai ya tambaya na fuska ne ko na dukiya, da takarda ko babu, ranar yaushe, kuma yawanci bayan ya gama tambaya sai ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Masu lissafi za su ce gari ya yi wayo. Baƙi dai sun san an rufe wata ƙofa.

Lawwali ya taɓa zuwa sau ɗaya, bayan shekara huɗu, da sule tara a ƙulle. Arzika ya karɓa ya kai wa Luba ta sayi hatsi, domin a ganinsa wannan tsakaninsa da Lawwali ne, na littafi kuwa nasa ne shi kaɗai. Sauran ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Manu bai fasa zuwa ranar kasuwa ba, sai dai yanzu shi ke kawo nonon.

"Kaɗo, sha a hankali, ba irin naku ba ne."

"Shekara nawa na yi ina jiran ƙwaryar ga. Ashe sai na talauce za ta zo."

Ya rasu a farkon watan Agusta na 1926, bayan zazzaɓin kwana biyar. Bai taɓa tsallake wata ba. Ya biya fam goma sha uku da sule goma sha takwas, saura fam takwas da sule biyu.

Aka kawo gawar filin da ke gaban zauren, domin nan ne wuri mafi faɗi a unguwar. Mutane sun taru da yawa. Liman ya tsaya, kafin ya ta da kabbara ya yi tambayar da ake yi: ko akwai mai bin mamacin bashi, in akwai wa zai ɗauke masa, don kada a rufe shi da nauyin wani. Ɗantala, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa, ya faɗi adadin a hankali kamar mai neman gafara. Kuɗin ba nasa ba ne, ba shi da ikon yafewa.

Liman ya ce, "Wa ke kansa?"

Sahu huɗu na mutanen da suka ci tuwon gidan nan suka sunkuyar da kai. Kowa ya san abin da kalmar take ci yanzu, kuma a wurin wanda ke kwance suka koya. Liman ya sake tambaya. Daga bayan dangar maƙwabta ana jin kukan Luba ƙasa-ƙasa.

Manu ya fito daga sahu na uku yana dogara sanda. Shanunsa, da suka kai arba'in kafin yunwa, yanzu huɗu ne.

"Ina kansa."

Ɗantala ya matso kusa da shi ya rage murya. "Baffa, ka san wane iri ne. Ba na fuska ba ne."

"Na sani. In na fuska ne, ai ga fuskar nan kwance mun kawo muku. Ina tawadar?"

Aka jira akawu ya shiga zaure ya ɗauko littafin mai jan bango. Ya buɗe shi a kan bakin rijiya, ya ja layi a ƙarƙashin sunan Arzika, ya rubuta na Manu, fam takwas da sule biyu. Manu ya dangwala, ya goge yatsan a gefen rigarsa, ya koma sahu. Liman ya ta da kabbara.